Mutum 17 aka kai kotu, 3 aka ɗaure: shari'ar Ijora da ma'aunin hujja

A watan Maris na 2013 sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka yi wa wani gida ƙawanya a Ijora, cikin Legas, suka kwashi mutane bisa zargin 'yan Boko Haram ne. An yi wani kamen a Lekki. Hukuma ta ce ta samu kayan haɗa bam da na'urorin tayar da shi, da gidajen harsashi na bindigar AK-47. 'Yan kwanaki kafin nan, ranar 18 ga Maris, aka tayar da bam a tashar manyan motoci ta New Road da ke Sabon Garin Kano, saboda haka labarin Ijora ya tarar da jama'a a firgice. Wanda ya san unguwar ya san dalilin ƙarin fargabar: daga Ijora zuwa rumbunan man fetur na Apapa tafiya ce kaɗan, ga tankoki jere a kan titi dare da rana. Barazanar kuwa ta gaske ce. A watan Yuni na 2014 wani abu ya fashe kusa da wani depo a Apapa, daga baya Abubakar Shekau ya fito ya ce aikinsu ne.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa ƙagen zance aka yi don a ci mutuncin 'yan Arewa. An samu kaya, an samu masu laifi, kotu ta tabbatar. Abin da nake so a duba shi ne yadda yawan waɗanda ake tuhuma ya riƙa raguwa, da kuma lokacin da raguwar ta zo.

Yadda shari'ar ta gudana

Mutum 17 aka rubuta sunayensu a takardar tuhuma a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi, domin ita doka ta ba hurumin shari'ar ta'addanci. An yi amfani da dokar hana ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a farkon 2013. Tuhumar ta haɗa da haɗin baki, da ayyukan ta'addanci, da mallakar makamai da harsasai ba bisa ƙa'ida ba. Kwamishinan shari'a na jihar Legas na lokacin, Ade Ipaye, shi ya jagoranci masu gabatar da ƙara.

Kafin shekarar ta ƙare, gwamnati ta janye tuhumar da take yi wa mutum 13. Sauran huɗun aka yi musu shari'a a gaban Mai Shari'a Ibrahim Buba, kuma a rufe aka yi ta, ba 'yan jarida ba 'yan kallo, bisa dalilin kare shaidu. A ƙarshen watan Satumba na 2014 alƙali ya ɗaure mutum uku shekara 25 kowannensu. Na huɗun, wanda tuhumarsa ta shafi ba da kuɗi, aka sallame shi aka wanke shi, domin masu gabatar da ƙara ba su iya tabbatar da abin da suka faɗa a kansa ba. Da ɗaya daga cikin ukun ya ɗaukaka ƙara, a 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bar hukuncin yadda yake.

Wato daga 17 aka koma 4, daga 4 aka koma 3. Idan aka samu irin wannan sakamako, baki biyu ake ji a Legas. Wasu su ce an saki 'yan ta'adda sun koma cikin jama'a. Mutanenmu kuma a majalisun Agege da Idi-Araba su ce ai dama kamu ne na kan mai uwa da wabi, duk wanda aka gani da gemu da carbi sai a jefa shi mota. A ganina duka biyun sun tsallake wurin da maganar take.

Hujjar kamu daban, hujjar kotu daban

Doka ba ta neman ma'auni ɗaya a kowane mataki. Don a kama mutum, zato mai dalili ya wadatar. Jami'in da ya shiga gida ya tarar da nakiya, bai yi laifi ba in ya tsare duk wanda ke cikin gidan a wannan sa'a. Ba shi da hanyar sanin wane ne wane, kuma rayukan mutane ne a tsakani. Don a kai mutum kotu kuwa, sai lauyan gwamnati ya zauna ya tambayi kansa: in na gabatar da abin da ke hannuna, wanda ake tuhuma bai buɗe baki ba, shin akwai abin da alƙali zai iya kama shi da shi? Don a ɗaure shi kuma, sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da laifin yadda kokwanto mai dalili ba zai saura ba. Sashe na 36(5) na tsarin mulki ya ɗauki kowa mara laifi har sai an tabbatar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun a makarantar zaure muka karanta cewa hujja tana kan mai da'awa.

Matakin tsakiya shi ne inda ake yawan yin tuntuɓe, kuma nan ne shari'ar Ijora ke da abin nunawa. Tambayar ba a yi wa taro ita. Mutum ɗaya-ɗaya ake yi wa. Me ya haɗa wannan mutumin, da sunansa, da wannan jakar? Wa ya gan shi da ita? Ya san abin da ke ciki? Yana da iko a kanta? Mallakar haramtaccen abu a shari'a tana buƙatar sani da iko, kusanci kaɗai bai isa ba. Haɗin baki kuma yana buƙatar a nuna an yi yarjejeniya a kan aikata laifi, ko da ta hanyar abubuwan da ke kewaye ne.

A nan ne irin zaman da talakan Arewa ke yi a Legas yake jefa shi cikin hatsari. Ku shiga ɗakin 'yan ci-rani a Ijora ko Mile 12 ku gani. Ɗaki ɗaya, mutum goma ko fiye, tabarmi a naɗe a lungu. Mai gadi yana shigowa da asuba daidai lokacin da mai tura ruwa ke fita, wani lokaci sai su yi mako ba su zauna sun yi hira ba. A jikin bango buhuna ne da jakunkunan gana-mas-go an ɗora wata kan wata, wasu masu su sun tafi gida noma tun farkon damina. Baƙo ya sauka daga tirela da dare, wani ya ce ɗan garinmu ne, shi ke nan an ba shi wurin kwana, ba wanda zai ce buɗe jakarka in gani, don abin kunya ne. Waya kuwa tana wuni a teburin mai caji, wanda ba shi da kati ya ari ta ɗan'uwansa ya kira gida. A 2013 ana sayen layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi. Sai a ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar zama ɗan ƙasa. Mugu ya san duk wannan, shi ya sa yake zaɓar irin waɗannan gidaje. Sai ka ga "an same shi a gidan" da "lambarsa ta fito a wayar wane" sun zama su ne dukan abin da ke cikin fayil ɗin mutum. Waɗannan dalilai ne na a bincika. Ba su kai a gurfanar da mutum a kan laifin da zai iya cinye rayuwarsa ba.

Ni dai hukuncina a kan janyewar da aka yi wa mutum 13 shi ne an yi daidai, kuma an yi ƙarfin hali. A 2013, shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, lauyan gwamnati da ke da abin riƙewa ba zai saki wanda ake zargi da Boko Haram ba. Abu mafi sauƙi shi ne ya bar sunayen duka 17, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, kowa da lauyansa, kowa da ranar da ba a kawo shi daga gidan yari ba, kowa da ƙorafinsa a kan takardar bayaninsa. Da aka rage su zuwa huɗu, an gama shari'ar cikin ƙasa da shekara guda, abin da ba kasafai ake gani a kotunanmu ba, kuma hukuncin ya tsaya da aka gwada shi a sama. Masu cewa an yi sakaci da tsaro su lura da wannan: tankaɗen da aka yi shi ya sa aka samu ɗaurin da ya riƙu.

Inda aka makara

Sai dai tankaɗen ya zo bayan an riga an rubuta sunayen mutane a takardar tuhuma, bayan watanni sun shuɗe. Tambayar da aka amsa a ƙarshen 2013 ita ce ya kamata a amsa kafin a je rajistar kotu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotu. Dokar ta'addanci ta buɗe wata ƙofa: gyaran 2013 ya ba kotu dama ta ba da umarnin tsare mutum har kwana 90, ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ana iya sabuntawa. Sabuwar dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta mai da shi kwana 60, shi ma ana sabuntawa. An ba da wannan lokaci ne don a yi bincike, a rarrabe. In aka cinye shi ba a rarrabe ba, aka kwashi kowa aka kai kotu, to an mai da takardar tuhuma wurin ajiyar mutane.

Ga ɗan ci-rani, wata takwas ko ma uku a tsare ba ƙaramin abu ba ne. Gadin da yake yi an ba wani. Baronsa ko babur ɗinsa ya shiga wani hannu. Iyali a gida sun sayar da akuya, wataƙila har gona, suna aiko da kuɗin da rabinsa 'yan tsakiya ne ke cinyewa. Sannan akwai bambancin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda kotu ta wanke, kamar mutum na huɗu a shari'ar nan, ba za a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin ba. Wanda aka janye wa tuhuma bisa ikon da sashe na 174 da na 211 na tsarin mulki suka ba manyan lauyoyin gwamnati, sallama kawai ya samu, a shari'ance ana iya dawowa kansa. Ba shi da takardar da alƙali ya ce wannan bai yi ba. A unguwa kuwa sunan ya riga ya manne, mai gidan haya ya ji, uban ɗaki ya ji, har a ƙauye an ji.

Rufe shari'ar ma yana da nasa farashin. Kare shaidu dalili ne mai ƙarfi, duk wanda ya ga yadda aka riƙa bin masu ba da rahoto gida ana kashewa a Maiduguri ba zai musa ba. Amma ana iya ɓoye suna da fuskar shaida a bar ƙofa a buɗe. Da jama'a sun ji da kunnensu abin da ya raba mutum ukun da sauran, da bakunan nan biyu da na ambata sun ragu.

Takardar bayani

In lauyan gwamnati ya buɗe fayil bai ga shaidar ido ba, bai ga rahoton masanin bam ba, bai ga zanen yatsa ba, abin da yakan rage shi ne takardar da aka ce wanda ake zargi ya amsa laifi a ciki. Wannan takarda ita ce ta fi cutar da Bahaushe a Legas, saboda harshe.

An taɓa kirana wani caji ofis a kan wani yaro mai tura ruwa, batun ɓatan janareta ne, ba ta'addanci ba. Na tarar an riga an rubuta bayaninsa da Turanci, shafi guda da rabi, ga shatin babban yatsansa a ƙasa. Na karanta masa da Hausa layi-layi. Tun ban kai tsakiya ba ya dafe kai. Na ce, "Kai, yaro, kai ka faɗi wannan?" Ya ce, "Wallahi Kawu, ni dai tambaya uku aka yi mini, aka ce in dangwala in tafi gida." A takardar kuwa har da sa'ar da ya shiga gidan da sunan wanda ya sayar wa. In haka ta faru a kan janareta, ku auna in kalmar Boko Haram ce a saman fayil.

Doka ta san da wannan. Sashe na 29 na dokar shaida ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma in wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, sai a tsayar da shari'a a yi wata ƙaramar shari'a a kan takardar kanta. Wannan sashen dai ya ce amsa laifin mutum ɗaya ba hujja ba ce a kan abokin tuhumarsa, sai in shi ma ya rungumi maganar. Ma'anarsa, "wane ya ambaci sunanka" ba ta isa ta ɗaure ka ba. Kotun Ƙoli kuma ta daɗe da kafa ƙa'ida cewa in ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Jihar Legas ce ta fara, a dokarta ta shari'ar laifuka ta 2007 da aka sabunta a 2011, da cewa a ɗauki amsa laifi a bidiyo, in babu bidiyo a yi a gaban lauyan wanda ake zargi. Dokar tarayya ta 2015 ta zo da makamancin haka a sashe na 15 da na 17, har ta ambaci tafinta. A 2023, a wata shari'a da ta taso daga Legas, Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi wajibi ne. Ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Don haka yau lauyan gwamnati da ya ga fayil ɗin ta'addanci babu komai a ciki sai takardar da aka dangwala ba bidiyo ba lauya ba tafinta, ya san tun a teburinsa cewa ba shi da shari'a.

Hujjar waya da kwamfuta ma tana da nata sharaɗin a sashe na 84 na dokar shaida. Shari'ar Sanata Ali Ndume ta nuna haka: an tuhume shi a 2011, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da faya-fayan bayanan waya da aka shigar ba bisa ƙa'ida ba, sannan a 2017 Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya sallame shi ba tare da ya ma kare kansa ba, domin abin da aka gabatar bai kai ya amsa ba. Shekara shida kenan, kuma shi sanata ne mai manyan lauyoyi da beli.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa in aka bar rarrabewa har ƙarshe, ya dubi Kainji. A zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin soja da ke can, a watan Oktoba na 2017, an ɗaure mutum 45, aka sallami 468. A zama na biyu a Fabrairun 2018 an ɗaure 205, aka sallami 526. Da yawansu sun shekara da shekaru a tsare, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ƙorafin cewa galibin ɗaurin a kan amsa laifi kaɗai aka gina shi. In aka ajiye Ijora kusa da wannan, Legas ta yi abin a yaba. Amma ciwon iri ɗaya ne, girmansa ne ya bambanta.

Kuma zaton bai bar Legas ba. A watan Agusta na 2019 jami'an jihar suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu, aka tsare su, aka bincika, ba a samu komai ba, aka sake su. Abin da ya cece su shi ne an rarrabe da wuri, kuma manya sun sa baki. Wanda aka ɗauke shi kaɗai daga ɗakin haya da tsakar dare ba shi da wannan gatan.

Shi ya sa nake ganin nauyi a kan sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwanni da limamai. In an kama ɗan unguwa da irin wannan zargi, zuwa roƙo da rantsuwar cewa yaron kirki ne ba ya amfani, wani lokaci ma yana jawo wa mai roƙon tambayoyi. Abin da ke amfani shi ne lauya a kwanakin farko, kafin a dangwala komai, da tambayoyin da doka ta ba da damar yi: akwai umarnin kotu na tsarewa, yaushe aka bayar, yaushe zai ƙare, wa ya yi tafinta, an ɗauki bidiyo? Uban ɗakin da zai zo ya ce wannan yana gadina daga ƙarfe kaza zuwa kaza, da littafin ɗan adashi da ke nuna zubin kullum, suna iya fitar da mutum tun fayil bai bar teburin mai bincike ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai ofishin lauyoyin kare talaka na jihar Legas da aka kafa a 2000, akwai kuma hukumar ba da agajin lauya ta tarayya. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35(6) na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, amma sai ya shigar da ƙara. Yawancin mutanenmu ranar da aka buɗe musu ƙofa tashar Agege suke nufa su hau motar gida.

A ɗaya ɓangaren, dokar ta'addanci ta mai da ɓoye bayani laifi mai zaman kansa, kuma an ɗaure mutane a Kainji a kansa. Mai ɗakin da ya ga abin da bai gane ba a jakar baƙo ya yi shiru don kunya ko tsoro, ya ba lauyan gwamnati ainihin abin da yake nema, wato sani. Shugabannin da ke rubuta sunan baƙo da garinsu da wanda ya tsaya masa kafin a ba shi tabarma suna kare 'yan ɗakin ne, domin wannan littafin shi za a fara nema ranar da aka zo tambayar wa ya kawo jakar.